Gwaggo Mai Kiwon Ruwa

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma, ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo, yayar mahaifina, ta riga mu gidan gaskiya a ƙarshen kakar da ta wuce, a ɗakinta da ke gidanmu na Kudan. Da hantsi ne, bayan ta sha kunu ta ce a gyara mata matashi.

Na halarci zaman makoki da dama, amma ban taɓa ganin irin nata ba. A ƙofar gida, wurin maza, komai ya tafi yadda aka saba: tabarmi, butoci, "ya haƙuri," "da godiya," a shafa fatiha a tashi. Cikin gida ne abin ya sha bamban. Duk shigar da na yi don gaida iyaye mata, abu ɗaya nake tararwa. Mace za ta shigo daga Taba ko Makarfi, ta durƙusa ta yi wa Inna, mahaifiyata, gaisuwa, ta yi wa ɗiyar Gwaggo, ta share hawaye da bakin mayafi, sannan a hankali idonta ya zame zuwa kusurwar ɗaki. A can akwai akwatin gilashi bisa tebur, tsawonsa bai kai kamu biyu ba, cike da ruwa, ƙananan kifaye suna kai da komo a ciki, kumfa tana tashi daga wani soso a gefe.

Wata dattijuwa daga dangin marigayi mijin Gwaggo ta kasa haƙuri. Ta ce, "A rufe abin nan da zane mana. Gidan mutuwa ne fa, ba gidan kallo ba."

Inna ta ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya, ba za a rufe ba. Su ba su san an yi mutuwa ba, kuma mai su ba ta taɓa hana kowa kallo ba."

Dattijuwar ta koma jan carbinta. Can an jima na ji tana tambayar ta kusa da ita, murya ƙasa-ƙasa, "Wancan mai gashin bakin da ke kwance a ƙasa, tarwada ce ko kuwa?"

A waje kuma Liman ne ya sa maza murmushi ba su shirya ba. Bayan ya yi addu'a ya ce, "Baiwar Allah nan ta yi mini tambayoyin da ɗalibaina ba su yi ba. Wasu na amsa, wasu na ce sai na duba, wasu har yau ina dubawa." Wani baƙo daga Paki ya raɗa mini, "Ashe ita ce mai kiwon ruwan da ake faɗa?" Na ce ita ce. A nan na gane sunan ya yi nisa fiye da mai shi, kuma nan gaba 'ya'yanmu za su ji shi su ɗauka wasa ne kawai. Shi ya sa na zauna in rubuta abin da na sani.

Gwaggo ba ta yi boko ba, allo kawai ta yi. An yi mata aure a Makarfi tana yarinya, ta yi shekaru masu yawa a can tana daddawar kalwa, har mijinta ya rasu, ɗiyarta tilo kuma tana aure a Ikara. Sai Baba, mahaifina, ya dawo da ita gida ya gina mata ɗaki kusa da rijiya. Ita ce babba a ɗakinsu, shi ne ƙarami, don haka har gemunsa ya yi fari fat "Auta" take kiransa, ko a gaban surukansa. Ni kuwa sunan mahaifinsu na ci, sai take ce mini "Babana."

Halinta da kowa ya sani shi ne tambaya. Idan mai faskare ya zo, sai ta tambaye shi me ya sa wani icen yake tsagewa miƙe, wani yake murɗewa. Da aka sa mana sola a gida, ta tsare mai haɗawar sai ya nuna mata inda rana take kwana a cikin batir. Idan aka ce ta cika tambaya, takan ce, "Tambaya ba ta cin hatsi." Kuma ba ta yarda da amsar kore mutum. Ka ce mata "haka Allah Ya yi shi," sai ta ce, "Na sani. Ta yaya Ya yi shi nake tambaya."

Sai yanar ido ta kama ta. Ta yi shekaru tana ganin duniya kamar ta bayan hayaƙi, tana gane mu da murya da takun ƙafa. Daga baya mijin ɗiyarta ya kai ta wani asibitin ido a Zariya aka yi mata aiki. Shi ya ba ni labarin ranar da aka cire mata bandeji. Suna fitowa ta ɗakin jira, sai ta tsaya cak gaban wani akwatin gilashi mai kifaye jajaye kamar an shafa musu zinariya. Ta ce, "Talabijin ce?" Ya ce a'a, masu rai ne. Ta sa yatsa a jikin gilashin, kifi ɗaya ya taso ya tsaya daidai yatsan. Ya ce da ƙyar ya raba ta da wurin. A mota ta ce masa ita duk rayuwarta kifi a kwano ta san shi, ko a faranti, ko ta samansa idan ya gilma a rafi. Ba ta taɓa ganinsa ta gefe ba, ido cikin ido, yana harkarsa.

Surukin nata mutum ne mai son faranta rai. Ba a daɗe ba sai ga shi da akwatin gilashi, da tsakuwa, da ɗan injin hura iska, da jajayen kifaye a leda, duk ya saye su a rana ɗaya. Aka ɗebo ruwan rijiya aka cika, aka juye kifayen. Gidan ya cika da 'yan kallo, kowa ya zo sai ya barbaɗa musu abinci don ya ga sun taso. Babu wanda ya san akwai wani abu bayan wannan.

Kafin mako ya zagayo ruwan ya yi fari kamar na wankin shinkafa. Kifayen suka taru a sama suna buɗe baki. Gwaggo ta zubar da ruwan duka, ta wanke akwatin da tsakuwar tas da sabulu, ta sake cikawa. Abin ya ƙara lalacewa. Ɗaya bayan ɗaya suka juya ciki sama. Ba ta bari an jefa wa kyanwa ba. Da kanta ta tona rami a gindin lemo ta binne su.

Baba dama bai so abin ba tun farko. Ranar da na ƙarshe ya mutu ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya ce, "Yaya, kin dai san labarin matar da ta kulle kyanwa har ta mutu. Halittar Allah tana ruwanta, an ɗauko ta an sa a kwalba. Ki yi tunanin ranar da za a tambaye ki."

Bai faɗa don ya cuce ta ba, abin da ya yi imani da shi ya faɗa. Amma maganar ta shige ta. Da na zo hutun ƙarshen mako daga Ikara, inda nake koyarwa, na tarar an kife akwatin a bayan ɗaki, ita kuma tana zaune a ɗakinta. Na yi wuni guda a gidan ba ta yi mini tambaya ko ɗaya ba. Inna ta ce abinci ma sai an matsa mata. Ban taɓa ganin Gwaggo ta tsufa ba sai ranar.

Ita da kanta ta fitar da kanta. Ta aika aka roƙi Liman ya shigo zaure, ta tambaye shi ko tana da alhakin rayukan nan. Ya ce mata wanda bai yi da gangan ba, Allah Mai gafara ne, kuma kiwon halitta ba laifi ba ne matuƙar an ba ta haƙƙinta. Ta ce, "To mene ne haƙƙin kifi?" Ya ce wannan kam sai masu shi. Da yamma ta kira ni ta ce, "Babana, ka kai ni wurin mai sayar da su. Ba saye zan yi ba. So nake in ji abin da ya kashe su."

Shagon yana cikin Sabon Gari a Zariya, ɗan ƙarami, akwatuna jere har rufi. Mai shi magidanci ne daga kudancin Kaduna, Hausarsa tas. Ya ba ta kujera, ta zayyana masa komai tun daga farko. Da ta zo kan wankin sabulu sai ya dafe kai.

Ya ce, "Mama, ba yunwa ce ta kashe su ba, ba kuma ciwo ba ne. Kashinsu ne da ragowar abinci. A rafi ruwa yana tafiya da shi. A akwati ba inda za shi, sai ya zama guba."

Ta ce, "To naka me ya hana su mutuwa? Ba sa kashi?"

Ya yi dariya, ya sa hannu ya ɗago wani soso mai launin ƙasa daga cikin wani akwati. Ya ce a cikin soson nan da jikin tsakuwa akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Wasu suna cinye gubar su mayar da ita wata guba daban, wasu kuma su cinye ta biyun su mayar da ita abu mai sauƙi, wanda ake ragewa da canza kaɗan daga cikin ruwan lokaci-lokaci. Sabon akwati ba shi da su. Sai an jira sun yi yawa kafin a sa kifi, kuma jiran yakan kai makonni.

Gwaggo ta daɗe tana kallon soson. Ta ce, "Wato abin da na wanke da sabulu, shi ne maganin."

Ya ce, "Shi ne, Mama."

Ta ce, "Ni na yi shekaru ina daddawa. Ka dafa kalwa ka rufe ta, ka bar ta, ba ka ganin mai aikin, amma in ka buɗe kafin lokaci ka ɓata. Ban taɓa sanin ruwa ma yana nuna ba. To su waɗannan da ba a gani, me za su ci kafin kifi ya zo?"

Mai shagon ya dube ni ya ce yawancin masu saye ba sa kaiwa ga wannan tambayar. Ya ce ta riƙa barbaɗa ɗan abincin kifi a ruwan, kaɗan, kamar akwai kifi. Abincin zai ruɓe, su kuma su samu na ci. Ya yanko mata ɓangaren tsohon sosonsa ya sa a leda da ruwa, ya ce iri ne, kada ya bushe kafin mu isa gida. Ya haɗa mata da kwalaben gwaji biyu, ya nuna mata yadda ake ɗiga su a ɗan ruwan akwati. Na farko idan ya yi kore akwai guba, idan ya yi ruwan ɗorawa babu. Na biyu idan ya yi shunayya da saura, idan ya tsaya shuɗi an gama.

Farkon damina ne ta sake kafa akwatin. Sabuwar tsakuwa, ruwan rijiya, tsohon soson a haɗe da injin iska. Injin ba a so ya tsaya, don haka ta ƙwace ramin cajin da Baba yake sa wayarsa a jikin sola, ta ce ya nemi wani. Kullum da safe bayan ta idar da lazimi sai ta ɗebi abinci da bakin yatsu biyu ta barbaɗa wa ruwan da babu kowa a ciki, ta ja kujera ta zauna tana kallo.

Labari ya bazu. Mata suka riƙa shigowa ganin kifi, su leƙa ta nan, su leƙa ta can, su ce, "Gwaggo, ina suke?" Ta ce, "Ba su zo ba tukuna, masu share musu gida ne a ciki." Wata maƙwabciya ta fita tana cewa kowa yana kiwon awaki da kaji, Gwaggo ruwa take kiwo. Daga nan sunan ya bi ta. Da ya dawo kunnenta ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Gaskiya ta faɗa. Wanda bai iya kiwon ruwa ba, ina shi ina kifi?"

Ni kuma na zama wurin kai rahoto. Ina tsakiyar duba aikin ɗalibai sai waya ta yi ƙara. "Babana, yau ya yi kore kamar ganyen lalle." Bayan wani lokaci, "Koren ya fara baya, amma ɗayan ya koma kalar rinin da ake yi wa zanen amare. Me ya sa na biyun bai taso ba sai da na farkon ya fara sauka?" In ce ban sani ba. Ta ce, "To ka tambayo mana, kai da ke cikin malamai." Inna ta ce takan fito tsakar gida ta ɗaga 'yar kwalbar saitin haske, ta juya ta, ta kira duk wanda ke kusa ya faɗi kalar da ya gani, sannan ta faɗi tata. Mutumin da ya yi shekaru bai bambance kore da shuɗi ba, ba ya gajiya da wannan.

Rigimarsu da Baba a tsakiyar jiran nan ta faru. Shi abin yana damunsa ta fuska biyu: ga mutane suna yi wa yayarsa dariya, ga shi kuma ya san maganarsa ce ta kwantar da ita kwanakin baya. Wata rana yana dawowa daga fadama, inda yake noman rake, ya tarar da masu kamun kifi a bakin kududdufi. Ya karɓi 'yar tarwada guda mai tsawon yatsa, ya zo da ita a gwangwani. Gwaggo tana banɗaki, ya shiga ya juye ta a akwatin, ya koma tsakar gida ya zauna yana jiran godiya.

Inna ta ce ba ta taɓa jin muryar Gwaggo haka ba, ba da ƙarfi ba, amma kowace kalma a tsaye. Ta ce, "Wa ya sa wannan?"

Baba ya ce, "Ni ne, Yaya. Wannan 'yar gida ce, ba ta mutuwa da wuri. Ko a taɓo rayuwa take. Kin huta da ciyar da ruwa."

Ta ce, "Kai ka ce mini za a tambaye ni. Ruwan nan da sauran guba, ka ɗauko rai ka jefa a ciki, wa za a tambaya yanzu? In ma ta rayu, nan da kaka ta kai damtsenka. A ina za ta juya? Me za ta bari da rai a ciki?"

Ya ce shi alheri ya nufa. Ta ce ta sani, amma ya ɗauko gwangwaninsa. Ta kamo tarwadar da matatar koko, ta ce ya mayar da ita inda ya samo ta, shi da ƙafarsa, kada ya aiki kowa. Dattijo mai jikoki ya hau keke da gwangwani a hannu ya koma fadama.

Ba ta yi gaba da shi ba, don ba ta yarda da gaba. Kullum da safe zai zo ƙofarta ya gaishe ta kamar yadda ya saba, ta amsa masa cikakkiyar amsa. Sai dai ta daina ce masa Auta. "Lafiya lau, Malam. Ya iyali, Malam?" Baba ya same ni a zaure ya ce, "Ka ji abin da take kirana? Tun ina goye ban taɓa jin wannan a bakinta ba." Na ga abin ya fi masa zagi ciwo.

Sai da masara ta fara fitar da gemu sannan wayar da nake jira ta zo. "Babana, ruwan ɗorawa da shuɗi. Na sa abinci, na sake gwadawa, bai canza ba. Ka zo mu tafi."

Zaɓen kifin ya ɗauke mu wuni. Ta zagaya shagon tana bincike kamar mai neman asalin wanda ya zo neman auren jikarta. Wannan me yake ci? Ina girmansa yake tsayawa? Da wa yake faɗa? Yana jure sanyi? Ranta yana kan jajayen nan da ta fara gani a asibiti. Mai shagon ya gaya mata gaskiya: suna girma sosai, kashinsu yana da yawa, akwatinta ya yi musu kaɗan. Ta tsaya gabansu ta daɗe, sannan ta ce, "To ku zauna lafiya," ta wuce. Ta ga wani shuɗi mai jela kamar babbar riga, shi kaɗai a kwalba. Ta tambayi laifin da ya yi aka ware shi. Aka ce ba ya haƙuri da ɗan'uwansa namiji, sai ɗaya ya kashe ɗaya. Ta ce, "Kyau ba hali. Na san irinsu."

A ƙarshe ta tsaya kan wasu ƙanana, ba su kai ɗan yatsa ba, mazan da wutsiya mai launi kamar mafici, matan ba ado sosai. Mai shagon ya ce suna da haƙuri, ba sa faɗa, kuma haihuwa suke yi, ba ƙwai ba. Wannan ya sa ta zauna. "Kifi ya haihu? Kamar akuya?" Ya rantse mata. Ta ce lallai sai ta ga wannan da idonta. Ya ba ta shawara mata su fi maza yawa don kada mazan su gajiyar da su, kuma ta fara da kaɗan, don masu aikin cikin soson su saba da nauyin kafin a ƙara. Na ce ta ƙara ko biyu ne, akwatin zai yi kyau. Ta ce, "Ɗaki ɗaya ake ba baƙo, ba a tara masa gari."

A mota ta rungume ledar a cinya, ta lulluɓe ta da mayafi saboda rana, tana yi wa direba magana duk ramin da ya faɗa. Da muka isa ba ta juye su ba. Ta ɗora ledar a kan ruwan akwatin kamar yadda aka koya mata, har sanyin ruwan biyu ya daidaita, tana ɗan zuba na akwatin a cikin ledar, sannan ta sake su. Babu wanda ta bari ya ba su abinci sai ita. Ko ɗaya bai mutu ba.

Bayan wasu makonni ta sa na koma na karɓo mata wasu da ta riga ta zaɓa tun ranar, 'yan ƙanana masu gashin baki da ke kiwo a ƙasa cikin ayari, waɗanda mai shagon ya ce girmansu ke nan har su tsufa. Da suka zauna, ta leƙa tsakar gida ta ce, "Auta, zo ka ga tarwadarka. Wannan ta san girman ɗakinta." Baba ya taso da sauri har yana barin takalmi ɗaya. Ya durƙusa gaban akwatin ya daɗe. Da ya fito fuskarsa kamar an yi masa bushara.

Akwai wani alheri nata da ban sani ba sai daga bakin wadda aka yi wa. Matar maƙwabcinmu ce, yarinya ce ba ta daɗe da aure ba mijinta ya rasu a hatsarin babur a hanyar Makarfi. Ta shiga takaba, ta daina magana, ta daina cin abinci sosai. Kowa ya je sai ya ce ta yi haƙuri. Gwaggo ta je da babbar robar ruwa mai haske da aka yanke wa kai, da tsakuwa daga akwatinta, da ɓangaren sosonta, da ciyawar ruwa, da kwalaben gwajinta. Ba ta kai kifi ba. Ta ce mata, "Ni ƙafata ba ta kai ni nan kullum. Ki riƙa sa wa ruwan nan abinci da safe, ki gwada, ki aiko a gaya mini kalar da ya yi. Kada ki yi mini ƙarya, zan gane." Matar ta ce da farko don kunyar tsohuwa kawai take tashi ta yi. Daga baya ta ga tana farkawa tana son ta san kalar yau. Da ruwan ya nuna, Gwaggo ta kai mata 'ya'yan da kifayenta suka haifa, don haihuwar ta tabbata, ta kuma gani da idonta, ta ba kowa labari har aka gaji. Matar ta ce mini, "Kowa haƙuri ya ba ni. Ita aiki ta ba ni."

Ciwon ajalinta bai yi tsawo ba. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi nauyi, likita ya ce zuciya ce ta gaji. Aka jawo gadonta kusa da teburin. Wata Asabar na zo gaishe ta, ta ce, "Babana, abu ɗaya ya rage mini. Na ciyar da bayin Allah nan na cikin soso tun kafin kifi, ban taɓa ganin fuskarsu ba. A makarantarku babu abin da ake ganinsu da shi?"

Akwai. Na roƙi malamin kimiyya ya ara mini madubin da ɗalibai ke duba ƙananan halittu da shi, ya koya mini yadda ake saita shi. Ya kuma gargaɗe ni cewa waɗanda take nema sun yi ƙanƙanta ƙwarai, da wuya wannan madubin ya nuna su sosai, amma za ta ga maƙwabtansu.

Na kawo shi a kwali. Muka ɗora shi a kan kujera a bakin ƙofa inda haske yake, Inna da ɗiyarta suka tallafe ta ta zauna. Na matso ɗigo ɗaya daga soson a kan ɗan gilashi, na murɗa har abin ya fito. Ta rufe ido ɗaya da tafin hannu, ta sa ɗayan.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta fara faɗa mana abin da take gani, a hankali, tana hutawa tsakanin kalmomi. Ga wani kamar takalmi yana gudu. Ga wani mai gashi a baki yana juya shi kamar dutsen niƙa. Ga wani siriri yana lanƙwasa. "Duk a ɗigon nan? Wanda in ya zuba a zanena ba zan ko duba ba?"

Na ce, "Duk a ciki, Gwaggo. Amma malamin ya ce ba su ne masu cin gubar ba. Waɗancan sun fi waɗannan ƙanƙanta nesa."

Ta ɗago kai ta dube ni. Na ɗauka ranta zai ɓaci, an kawo mata abin da ba shi ta nema ba. Sai na ga tana dariya, marar sauti, kafaɗunta suna rawa.

Ta ce, "Wato akwai na ƙasa da waɗannan ma. Tsarki ya tabbata ga Wanda bai gaji ba." Ta numfasa. "Ashe ban ga komai ba. Gyara mini shi, ya gushe."

Na gyara, ta mayar da idonta. Tana nan a haka har ɗigon ya bushe, ta ce in sa wani.

Allah Ya gafarta wa Gwaggo kurakuranta, Ya yalwata mata makwanci, Ya haskaka shi. Ya nuna mata abin da ido bai taɓa gani ba, Ya ba mu haƙurin rashinta, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.